'Ya'yan Tsohuwa Ɗari Huɗu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ni ma lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ya zama ɗan gida.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Ai na gwada. Duk ranar da na ɗauko zancen gida, sai zartonka ya fara kuka, ka ce ba ka ji na. Takarda dai ba ta da ƙara, sai ka zauna ka karanta.

Tsohuwa tana mutuwa. In ka manta, tunda shekara goma sha tara ba kwana biyu ba ne, ina nufin bishiyar maɗacin nan ta bayan makaranta, wadda Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana gadinta, wadda ma'aikatan gandun daji suka auna suka rubuta a littafinsu cewa ba su taɓa cin karo da maɗaci mai kaurinta ba. Bana rabin rassanta ba su yi ganye ba. Ɓawonta na ɓangaren gabas yana zubowa da kansa, in ka ƙwanƙwasa wurin sai ka ji amo kamar ganga. Na zagaya ta da igiyar Baba kamar yadda muka saba, don in ɗinka jan zaren bana a inda bakin igiyar ya tsaya. Ya tsaya a kan zaren bara. Ko faɗin farce ba ta ƙara ba. Na koma gida da allurata a hannu.

Amma ta yi 'ya'ya, Auta, ta yi su da yawa, kamar ta san na ƙarshe ne. Mutanen unguwa sun kafa kwamiti, Mai Lasifika ne shugaba, ka san shi, bai taɓa ganin taro ya wuce ba. Mun shimfiɗa tsofaffin zannuwa a gindinta muka tara iri, muka cika leda ɗari huɗu da ƙasa da taki, muka jera su a tsakar gidanmu tunda ni ce mai rijiya. Yanzu in zan je kicin sai na yi tafiyar kaguwa. Ɗari uku da casa'in sun tsiro, na cike gurbin goman. Da farkon damina za a dasa su, daga ƙofar makaranta har bakin asibiti.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kwana uku kafin Baba ya rasu, a gadon asibiti, ya ce mini: "Ranar da za a dasa 'ya'yanta, Auta ne zai sa na farko a rami." Ban gaya maka ba a lokacin, don zuwanka kwana biyu ne, kuma na lura ta bayan kasuwa ka riƙa bi don kada ka wuce ta gabanta. Yanzu na gaya maka. Na sa maka ƙwaya goma sha biyu na irin a cikin wannan ambulan, ka gani da idonka. Ka zo da ruwan farko.

Ka gaishe da mutanen gida.
Ni ce,
Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, har da irin, yara sun ɗauka wani abin ci ne kika aiko. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ki rage ɗaukar bokiti, ledoji ɗari huɗu ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Maganar zuwa, wallahi lokacin ne bai yi daidai ba. Na karɓi aikin benci ɗari da ashirin na wata makaranta, kuma in na ɗaga ƙafa daga shagon nan, sai in dawo in tarar an yi mini benci mai ƙafa uku. Ku dasa abinku. Rami rami ne, Yaya, bai san hannun wanda ya sa masa tsiro ba. In Allah ya kai mu wata daminar zan zo in ga yadda suka yi.

Ki gaishe da Mai Lasifika, in ya bar ki kin yi magana.

Naki,
Auta

*

Auta,

Bayan sallama da fatan alheri. Ina fata bencinan sun tsaya da ƙafa huɗu.

Ba mu dasa ba. Damina ta zo ta wuce, tsiron suna nan tsakar gida. Ka ce wata daminar, na riƙe ka a kan maganarka.

Kada ka tambaye ni yadda na yi da kwamiti. Ranar da suka zo da baro shida za su kwashe, na tsaya a bakin zaure na ce, "Ba su yi ƙwari ba. In aka fitar da su yanzu awaki za su gama da su cikin mako ɗaya." Mai Lasifika ya ce, "Haba 'yar mai gadi, sun kai gwiwa fa, kuma ramuka na nan a haƙe." Na ce, "Kai ka yi shekara talatin a gindin bishiyar nan ko ubana?" Sai ya yi shiru. Ka rubuta wannan a wani wuri, an ga ranar da Mai Lasifika ya yi shiru. Suka juya da barorinsu. Ruwa ya cike ramukan, yanzu kwaɗi ne ke haya a ciki.

Ƙarya na yi musu, kuma na san ƙarya ce. Amma ba zan iya tsayawa in ga wani ya sa na farko ba, alhali maganar Baba tana kunnena.

Tsiron sun yi kyau ƙwarai. Wasu sun kai mini ƙugu. Ledojin sun yi tauri, in na taɓa sai in ji kamar dutse, na ce alhamdu lillahi, ƙarfi suke yi. Kullum da safe kafin in hau keken ɗinki ina ba su ruwa, in ɗaga waɗanda saiwarsu ta fasa leda ta kama ƙasa, in datse, in mayar. Ita kuwa Tsohuwa, reshe biyu kaɗai suka rage da ganye, kuma bana ko fure ba ta yi ba. Abin da ke tsakar gidan nan shi ne duk abin da za ta bari.

Ina jiranka.
Yayarka

*

Daga Sakataren Kwamitin Dashen Itatuwa na Unguwa,
Zuwa ga ɗan marigayi Mai Gadin Bishiya.

Bayan gaisuwa da girmamawa, kwamiti ya umarce ni in sanar da kai cewa an tsayar da Asabar ta ƙarshen wannan wata don dasa tsiro ɗari huɗu da aka samu daga babbar bishiya. Wannan ne karo na uku da ake sa rana a daminar bana, kuma damina ta biyu ke nan da ake jira. Kwamiti ya yanke cewa ba za a sake ɗagawa ba, ko da wane dalili, domin ruwa ya kusa ɗaukewa.

'Yar'uwarka ta shaida wa zaman da ya gabata wasiyyar mahaifinku. An keɓe maka rami na farko, a ƙofar makaranta. Za a fara da ƙarfe bakwai na safe.

Muna fatan ganinka.
Sakatare

*

Auta,

Gaisuwa dai ta zama dole, to na gaishe ka.

Mun dasa. Mun jira ka daga ƙarfe bakwai har goma. Mai Lasifika ya yi jawabi sau biyu don ya ja lokaci saboda ni, Allah ya saka masa, ban taɓa zaton zan gode wa surutunsa ba. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai mutane su juya. Daga ƙarshe maƙwabciyata mai wanki ta dafa kafaɗata ta ce, "Yaya, rana na yi, tsiron za su yi yaushi." Na ce a fara daga rami na biyu.

Gari kaf ya fito. Direbobi, malamai, masu gyaran babur, matan asibiti da fararen kayansu, har tsohon nan mai gyaran takalmi da ba ya gaisawa da kowa ya zo da shebur. Tsiron sun fi ni tsayi. Ledojin sun ƙi yaguwa sai da reza, kuma da muka buɗe, ƙasar ciki ta kusa ƙarewa, saiwa ce zalla ta naɗe kanta kamar dunƙulen zare. Mutane suna ɗagawa suna nuna wa juna. Mai Lasifika ya ɗaga ɗaya sama ya ce, "Jama'a ku ga jinin Tsohuwa! Wannan ko giwa ba ta tumɓuke shi!" Aka yi ta tafi. Ni na ce kada wanda ya taɓa saiwar, a sa ta yadda take, kada a ji mata ciwo. Haka aka yi, tunda ni ce 'yar mai gadi.

Raminka ya zauna a buɗe har la'asar. Da kowa ya watse na sa na farkon da hannuna, a ƙarshe. Ban yi kuka a gaban mutane ba, wannan kaɗai zan iya cewa.

A makon nan ganyen ƙarshe ya faɗo daga Tsohuwa. Ba na neman uzuri daga gare ka, ina da su cike da akwati. Dalili nake so. Me bishiyar nan ta yi maka?

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki. Wata biyar wasiƙarki tana aljihun rigar aikina. Babu wani benci a wannan karon. Na je tasha ranar Juma'ar jajibirin dashen, na zauna a mota, da ta cika sai na sauka.

Kin san na sare mata reshe ina ɗan shekara ashirin, don in yi teburina na farko in nuna wa Baba na iya aiki. Kin san mun yi faɗa. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya ce, don kina wajen koyon ɗinki a lokacin. Bai dake ni ba. Ya je ya sa tafin hannunsa a kan wurin saran, ya daɗe, sannan ya juyo ya ce, "Ka kashe ta. Ba yau za ta mutu ba, amma ka kashe ta." Bayan sati na bar gari.

Ni kafinta ne, Yaya, na san yadda ruɓa ke shiga itace. Ta wurin rauni take shiga, ta yi shekaru tana ci a ɓoye. Da kika rubuto cewa ɓangaren gabas ne ya fara zubewa, na ajiye takardar na kasa cin abinci, don reshen gabas na sare. To da wane ido zan tsaya gaban jama'a ana tafa mini, ina dasa 'ya'yan wadda na kashe? Ban san abin da Baba yake nufi da wasiyyar nan ba. Wani lokaci in ce yafiya ce, wani lokaci in ce so yake a tsayar da ni a wurin kowa ya kalle ni.

Na ji daɗi da suka shiga ƙasa. Tunda ɗari huɗu na nan a raye, ko ban zo ba an rufa mini asiri.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da shiruna na shekara biyu. Da farko fushi ne, daga baya kuma na rasa ta inda zan fara. Ka nemi wuri ka zauna.

Ranin farko tsiro sittin suka bushe. Muka ce awaki ne, muka ce gara ce. Rani na biyu sama da ɗari biyu suka bi su, alhali kowane gida yana ba nasa ruwa, har mai gyaran takalmi na gani da bokiti tsakar rana. Sauran suka yi tsayi amma sirara, suna rangaji. Sai ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, aka yi iska da ruwan farko. Ba wata babbar iska ba ce, ko kwanon rufi ɗaya ba ta ɗaga ba. Da aka ɗauke na fita, na tarar da su kwance a kan titi daga makaranta har asibiti, kowanne da dunƙulensa a waje, girman ledar da ya fito ciki. Shekara biyu a ƙasa, saiwar ba ta taɓa barin siffar leda ba. Tara suka rage a tsaye.

Kwamiti ya kira malamar gandun daji. Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ta wanke dunƙulen a bokiti, ta nuna mana. Ta ce maɗaci uwar saiwa yake turawa ƙasa can ta nemo ruwa. In ya daɗe a leda, sai saiwar ta kai gindi ta rasa hanya, ta fara zagaye, kuma in ta saba zagaye haka za ta yi ta yi ko an sa ta a fili, har ta shaƙe kanta. Ta tambaya, "Wata nawa suka yi a leda?" Mai Lasifika ya fara cewa ai an samu 'yan matsaloli na tsari. Na katse shi na ce, "Wata goma sha bakwai. Ni na riƙe su. Ni na riƙa datse saiwar da ta fasa leda. Ni na hana a warware ranar dashe." Ta ce da an dasa su suna da wata huɗu, lokacin da suka kai gwiwa, da yawancinsu sun kama. Wato ranar da na tsaya a bakin zaure na kori barori shida. Ta tona gefen biyu daga cikin taran, duk haka suke. Ta ce za su iya kai wasu shekaru, amma ba mai zama babbar bishiya a cikinsu.

Babu wanda ya zage ni, Auta, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Mai wanki ce ma ta raka ni gida tana cewa niyyata mai kyau ce. Mutum ɗari huɗu sun ɗebi ruwa shekara biyu saboda niyyata.

Kafin malamar ta tafi na ja ta zuwa gindin Tsohuwa, na nuna mata wurin saranka. Ta sa tsani ta hau, ta ƙwanƙwasa, ta soka ƙarfe. Ta ce wurin ya warke tun tuni, ɓawo ya rufe shi ruf, itacen da ke bayansa ma shi ne mafi lafiya a duk jikinta. Daga ƙasa ruɓar ta taso, tsufa ne kawai. Na ce ta sake faɗa, ta sake. Ba kai ka kashe ta ba. Baba ya faɗi abin da ya faɗa cikin zafin rai, kuma irinku ɗaya, bakinsa bai iya janye magana ba. Teburin da ka yi kuwa, a kansa keken ɗinkina yake. Baba ne ya ɗauko shi daga inda ka yasar da shi bayan tafiyarka, yana shafa masa mai duk shekara, ya ce kada in gaya maka. Na yi masa biyayya a nan ma, kamar wata sakarya.

Ka ƙi zuwa saboda laifin da ba ka yi ba, ni kuma na jira ka har na yi wanda ba ya gyaruwa. Ban san wanda zan yi fushi da shi ba a cikinmu ukun.

Kwamiti ya ce dole a sare gangar jikin kafin ta faɗa wa ajin yara. Ba ta sake yin iri ba tun wancan. Abu ɗaya ya rage da zan tambaye ka: ƙwaya goma sha biyun nan da na aiko maka, suna nan?

Yayarka

*

Yaya,

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune a kan garin katako. Na rufe shago ranar. Zancen teburin nan, ki bar shi sai mun haɗu, ba zan iya rubuta komai a kai ba.

Suna nan. Na juye shagon kaf kafin in same su, a cikin gwangwanin ƙusa, cikin ambulan ɗinki. Ɗaya ta karye, ga goma sha ɗaya nan na naɗe a auduga. Ba zan ɓoye miki ba, na kai wa wani mai renon itatuwa ya gani. Ya ce irin maɗaci ba ya jira, in ya wuce 'yan watanni a wuri mai zafi ya mutu, balle shekara uku a ƙarƙashin rufin kwano. Ya murza ɗaya a yatsa ya girgiza kai. Na ce masa bai san uwarsu ba.

Ki shuka su kai tsaye a ƙasa, kada su ga leda. Kada ki jira ni, don Allah kada ki sake jira na. Ya ce in da rai a ciki, cikin sati uku za a gani. Ranar da kika ga kore, ko ɗaya ne, ki rubuto, a ranar zan shiga mota, kuma wannan karon ba zan sauka ba. Ki roƙi kwamiti kada su ba kowa aikin saran tukuna.

Ƙanenki mai neman gafara,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka.

Na shuka su ranar da suka iso, a raminka na ƙofar makaranta. Yau kwana arba'in da biyu. Jiya na tona da cokali, na sami goma sha ɗayan duka, sun zama ƙasa.

Na zagaya Tsohuwa da igiyar Baba karo na ƙarshe. Ɓawon ya zube, ta rame, bakin igiyar ya koma baya har kan zaren shekarar da ka tafi.

Babu kore, amma ka shiga motar. Na gaya wa kwamiti ba baƙon da zai taɓa ta. Ka zo da babban zartonka, ni zan riƙe maka ɗaya bakin.

Yayarka